Ƙofar Da Aka Bar Wa Kawu

Shekara ashirin da uku Kawu ya yi a kamfanin da ke ba mutanen gari intanet, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayarsa takardar makaranta, don kowa ya san babu ita. Da ɗaukar tsani ya fara. Daga nan ya koyi haɗa waya, daga haɗa waya ya kutsa ɗakin injuna, inda sanyi ke sa yara masu digiri mura, shi kuwa ko atishawa. Sunan Kawu ma a can ya samo shi. Manaja uku sun zo sun tafi suna kiransa haka, har matarsa in tsokana ta motsa mata takan leƙo ta ce, Kawu, abinci ya sauka.

Aikinsa kula da rauta. Rauta akwati ne na ƙarfe mai ƙananan fitilu, saƙo ya shigo ta wannan kafa ya fita ta waccan. A zamanin da Kawu ya koyi aikin, kowane akwati da kansa da hannunsa. Kan shi ke sauraron maƙwabta, ya san wace hanya ce a buɗe, wacce ta mutu, ya yanke shawara. Hannun kuma ya ɗauki saƙo ya jefa inda kan ya ce. Akwati arba'in da ɗaya kamfanin ke da su a cikin gari, wasu a saman benaye, wasu a ɗan ɗaki bayan gidan mai ko gefen kasuwa, kuma Kawu ya san halin kowanne kamar yadda tsohon direba ya san tarin motarsa. Akwai wanda ba ya son zafi, akwai wanda in an ɗauke wuta sai an lallashe shi kafin ya tashi. Yana yawo da wata shuɗiyar waya a jaka. In ya soka ta a bayan akwati ya haɗa da kwamfutarsa, ya buga kalmar shiga, sai su yi magana baki da baki. Abin da ya canza kuwa ba ya rubuta shi a ko'ina sai a jikin farin salatif, da biro, ya manna a cikin murfin kabad. Shi ke nan littafinsa.

'Ya'yansa huɗu, amma ta ƙarshen ce kaɗai ta ɗauko shi. Tun tana firamare take kwance masa rediyo ta kasa mayarwa. Ya tsaya mata ta yi karatun da shi bai yi ba, ta fita waje ta ƙaro, ta dawo wannan kamfanin dai aka ba ta ofis mai labule. A wurin aiki Injiniya ake ce mata, shi ma haka yake kiranta a gaban mutane, yana wani cika baki da sunan. A gida kuwa Auta ce.

Ita ta zo da sabon tsari. Ta yi masa bayani a gida wata Asabar da hantsi, da kofunan shayi a kan tebur. Ta ce kai arba'in da ɗaya a gari ɗaya, kowanne yana ganin gabansa kawai, shi ya sa in hanya ta yanke sai sun ɓata lokaci suna gardama kafin su daidaita. Za a cire kawunan gaba ɗaya. A ajiye kai guda a babban ofis, wanda ke ganin taswirar garin duka, shi zai riƙa rubuta wa kowane akwati jadawalin inda zai jefa saƙo. Akwatunan su zama hannu zalla, babu tunani, babu musu.

Kawu ya ce to shi da yake likitan kai, in an fille kawunan wa zai riƙa yi wa magani? Matarsa daga bakin ƙofar kicin ta ce ai wannan ba sabon abu ba ne, a gidan nan tun shekara talatin aka raba aikin, kuma kowa ya san inda kan yake. Aka yi dariya. Amma da dariyar ta lafa sai ya matsar da kofi ɗaya can gefen tebur, ya tambaya, in wayar da ke tsakanin kai da hannu ta tsinke fa?

Ta ce hannu ya ci gaba da jadawalin da aka ba shi na ƙarshe, har kai ya zagayo ta wata hanya ya same shi.

"Ko da yana gani yana zuba saƙon mutane a rami?"

"Ko da, Baba. Minti ashirin ne, in ya yi yawa. Ramin ba ya ba ni tsoro. Abin da ke ba ni tsoro shi ne umarni biyu a hannu ɗaya."

Wata goma sha takwas aka yi ana cire kawuna, ɗaya bayan ɗaya. Shi ke buɗe mata kabad, shi ke riƙe mata fitila, shi ke gaya mata wane akwati ne mai rigima. Da aka gama, aikinsa ya koma sharar ƙura daga ragar iska, canjin fanka, canjin batir. Ba a rage masa komai ba, ba wanda ya gaya masa baƙar magana. Sai dai in an taru ana shawara ba a ƙara cewa a kira Kawu. Sauran ma'aikatan waje suka riƙa ƙorafin cewa kalmar shigarsu ta daina aiki, an toshe musu ƙofar bayan akwati. Wata rana yana shi kaɗai a saman wani bene ya soka shuɗiyar wayarsa, don dai ya ji da kansa yadda korar take. Ya buga tsohuwar kalmarsa. Akwatin ya buɗe masa. Ya daɗe yana kallon allon, bai taɓa komai ba, ya zare wayar ya naɗe. A ransa ya ce wataƙila darajar daɗewa ce, ko kuma mantuwa aka yi. Bai tambaya ba, don kada tambayar ta tuna wa wani. Ranar har gida ya zo yana fito.

Wata Talata wajen ƙarfe goma, masu haƙa magudanar ruwa suka sare babbar wayar ƙasa kusa da gada. A cikin wayar nan saƙon unguwar gabas ke bi, a cikinta kuma umarnin kai ke zuwa wa akwatin bayan gidan mai. Akwatin ya ci gaba da yin abin da aka gaya masa na ƙarshe, yana tura komai cikin matacciyar waya.

Kawu na kan babur, tafiyar minti biyar daga wurin, wayarsa ta yi ƙara. Tsofaffin masu hulɗa da kamfanin ba sa kiran lambar ofis, lambarsa suke da ita tun ana rubuta ta a bango. Wannan karon shugabar wata cibiyar jarrabawa ce. Ta ce ɗalibai ɗari da tamanin ne zaune gaban kwamfuta, an raba musu tambayoyi layi ya ɗauke, kuma agogon hukumar jarrabawa bai tsaya ba. Wanda lokacinsa ya ƙare sai baɗi. A bayan muryarta yana jin wata yarinya tana kuka, wani malami yana cewa kowa ya zauna.

Ya kira Auta sau biyu, ba ta ɗauka ba. Ya san tana can gaban taswira kowa yana magana a kanta. Ya juya babur.

Ɗan ɗakin bayan gidan mai yana warin fetur da zafin ƙarfe. Ya san akwai gajeriyar waya daga wannan akwatin zuwa na saman otal, wanda ke da faranti mai aika saƙo ta iska zuwa babban ofis. Shi ya ja wayar da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya soka shuɗiyar waya, ya shiga, ya rubuta layi ɗaya tak, cewa duk saƙon da zai fita unguwar a tura shi saman otal. Ya ɗora layin sama da duk wani umarni, don kada tsohon jadawali ya rinjaye shi. Sannan yatsunsa suka buga umarnin adanawa, wanda ke sa canji ya zauna ko an kashe akwati an kunna. Bai yi niyya ba, bai ma san ya buga ba. Shekara da shekaru yana dukan hannun yara a kan mantawa da wannan umarnin. Ya yagi salatif, ya rubuta kwanan wata da abin da ya yi, ya manna a murfi.

Kafin ya kulle ƙofa shugabar ta sake kira, tana ta sa masa albarka.

Minti takwas bayan haka kai ya zagayo ta saman otal ya sami akwatin, ya rubuta masa sabon jadawali. Kawu ya ɗauka in an rubuta sabo za a share komai har da layinsa. Bai san kan ba ya share sai abin da shi ya rubuta, ba ya ma ganin na wani ba. Duk da haka ya ƙudura zai gaya wa Auta da yamma. Sai ga ta ta shigo tana rawar kafaɗa, ta ajiye jaka ta rungume uwarta. Ta ce yau aka gwada tsarinta da gaske, waya ta yanke, babu hannun da ya taɓa komai, gari ya gyara kansa. Manaja har ofis ya zo ya yi mata jinjina. Ta juyo ta ce, Baba, ka ga abin da nake gaya maka? Ya ce ya gani. Ya ce Allah ya ƙara basira. Maganar ta zo masa har maƙoshi, ya haɗiye ta da ruwa. Gobe, in ji shi. Goben ta zama jibi, aka gyara wayar gada, komai na tafiya lafiya, sai abin ya kwanta masa a rai.

Kwana tara bayan nan aka tashi gyaran farantin saman otal. Aiki ne na tsari, an sanar tun mako guda. Kai ya umarci akwatin otal da ya sauko da duk saƙonsa zuwa na gidan mai, a bi ta wayar ƙasa. Na gidan mai ya karɓa, ya duba, ya ga layin Kawu a sama da komai, ya mayar da saƙon saman otal. Na otal ya sake sauko da shi. Haka suka yi ta miƙa wa juna, sabo na shigowa a kan tsoho, har wayar ta cushe. Umarnin kai ma ya rasa inda zai ratsa. Cunkoson ya tsallaka zuwa maƙwabta, rabin gari ya yi tsit. Bankuna suka rufe ƙofa, shaguna suka koma rubutu a takarda. A babban ofis kuwa taswira koriya shar, don a ganin kai duk umarninsa daidai suke.

Kawu na canjin batir a ƙarshen gari lokacin da direban kamfani ya gaya masa wai abin tsakanin gidan mai da otal ne. Ya zauna a kan batir ɗin da ya cire. Direban ya tambaye shi ko jiri ne, ya ce zafi ne. Kafin ya ratsa gari ya isa, an ce layi ya dawo. Awa biyar aka yi. Ya tsaya daga tsallaken titi yana kallon ƙofar ɗan ɗakin, sannan ya juya bai tsallaka ba.

Aka kafa kwamiti. Auta ta rubuta rahoto ta ce kuskure ne a cikin tsarinta, kai ya lissafa hanya ba daidai ba. Wasu da tun farko ba sa son a ce yarinya ce ta juya kamfani suka sami abin faɗa. Aka fara maganar a dakatar da tsarin, a kira wasu daga waje su dawo da kawunan, ita kuma a mayar da ita teburin karɓar ƙorafi. A gida ta daina hira. Ta gaishe shi da safe, ta gaishe shi da yamma, ta shige ɗaki. Uwarta ta kai abinci ta dawo da shi. Ta ce masa, Malam, ka yi mata magana mana, kai ka san harshen aikin nan. Ya ce zai yi.

Bai yi ba. A lissafinsa abin a fili yake. Laifinsa ne, shi zai ɗauka, tsoho ne da ya rage masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya. In ya gaya mata za ta hana shi, don ya san zuciyarta. Gara ya gama komai sannan ta ji. Ranar Litinin ya sa rigarsa mai kyau, ya hau bene wurin Manaja ba tare da ya shawarci kowa ba.

Manaja mutum ne mai sanyin magana, ya girmama shi, ya ba shi kujera. Kawu ya faɗi komai daki-daki, kiran shugabar cibiya, layin da ya rubuta, adanawar da ya yi. Ya ce tsarin Injiniya ba shi da aibu ko na ƙwayar zarra, hannunsa ne ya shiga inda aka hana shi. A yi masa duk abin da ya dace. Yana gamawa ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka.

Manaja ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Kawu, da wace kalma ka shiga akwatin?"

"Da tawa, ranka ya daɗe. Ta da."

Manaja ya jawo durowa ya fito da wani fayil, ya buɗe shafi ya juyo masa da shi. Kawu ba mai saurin karatu ba ne, amma sa hannun 'yarsa ya san shi tun tana koyon yinsa a bayan littafin lissafi. Manaja ya karanta masa. Ta tabbatar wa kamfani a rubuce cewa an rufe ƙofar baya a akwati arba'in da ɗaya, kuma babu sauran ma'aikaci ko ɗaya mai kalmar shiga. A kan wannan takardar aka amince a kunna tsarin.

Nan take Kawu ya fara ja da baya. Ya ce a'a, ya tuna, ba tasa ba ce, leƙen hannun wani ya yi, sata ya yi. Manaja ya girgiza kai a hankali. Ya ce, Kawu, kai da har yau ni nake saita maka agogon wayarka? Ya ce za a duba, kuma akwatin zai faɗi wanda ya bar sunan Kawu a ciki, da ranar. Ya ƙara da cewa abin da ya fi damunsa ma shi ne rahoton. Wanda ya gyara matsalar ranar dole ya ga layin nan da idonsa, kuma Injiniya ce ta gyara.

Kawu ya same ta a matakalar baya, inda ma'aikata ke fita shan iska. An riga an kira ta, an riga an sallamo ta. Tana zaune a kan mataki da katin aikinta a hannu, tana juya igiyarsa a yatsa. Ya tsaya matakai biyu ƙasa da ita, har kansu ya zo daidai.

Ta ce a awa ta huɗu ta gane ba daga kai ba ne. Ta ɗauki mota ita kaɗai ta je bayan gidan mai, tana buɗe kabad ta ga rubutunsa a salatif, har da kwanan wata. Ta goge layin, ta ɓare salatif ɗin ta jefa a kwata. Ta zauna a mota ta yi lissafi. In ta ce tsarinta ne, za a sauke ta, ta yi shekara biyu a teburin ƙorafi, ta sake hawa, tana da lokaci. Shi kuma ya ƙarasa shekararsa a fita da shi da mutunci.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Auta?"

"Kai me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba? Kwana tara muna cin abinci a tebur ɗaya."

Ya ce yara ne ɗari da tamanin, yana jin kukansu a waya. Ta ce ta sani, ta bincika, da minti takwas ya riga kai. Ba ta ce ba su da amfani ba, minti takwas ɗin. Wataƙila akwai yarinyar da ta ci jarrabawa saboda su.

"To ƙofar fa? Don me kika bar ta?"

Ta ɗago ta dube shi. Idonta ya kaɗa amma babu hawaye.

"Ranar da zan goge sunayen, naka ne na ƙarshe a jerin. Na tuna yadda kake shafa akwatin nan kafin ka rufe kabad. Na bar maka ita ne don kada ka ji an kore ka, Baba. Ban bar maka don ka shiga ba."

Kwamiti ya gama aikinsa cikin mako guda. Aka wanke tsarin tas, aka ce ma ya fi yadda aka zata kyau, aka miƙa shi ga mataimakinta. Kawu aka yi masa ritaya da jawabi da lemo, Manaja ya ce irinsa ba a ƙara yi. Ita kuwa takardar kora aka ba ta mai layi uku, sa hannu a kan abin da ba haka yake ba, da ɓoye wa kwamiti gaskiya. A sana'ar nan kowa ya san kowa, babu kamfanin garin da ya amsa mata. Wata huɗu tana nema kafin ta sami koyarwa a wata ƙaramar kwaleji, tafiyar yini guda a mota.

A cikin watannin nan ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Da ma ta yi. Ta kawo masa ruwa, ta goge masa riga, ta tambaye shi ciwon gwiwa. Amma in ya ɗauko zancen aiki, ko da wasa, sai ta tuna ta bar wani abu a wuta. Matarsa, da ta ji labarin duka, ba ta yi masa faɗa ba ita ma. Ta dai daina kiransa Kawu.

Ranar tafiya motar haya ta zo da hantsi. Ya fito da kayan da kansa, ya hana direba taɓawa. Auta na tsaye tana nuna masa, wannan a ƙasa, wannan a gefe, akwatin littattafai a sama. Ya ga mai nauyin bai kamata ya hau sama ba, zai danne jakar da ke da kwamfuta in an shiga gargada. Ya ɗora shi inda ta ce, ya cire hularsa ya cusa tsakanin akwatin da jakar lokacin da ta juya tana sallama da uwarta, ya ɗaure igiya. Ta durƙusa ta ce ya yafe mata. Ya so ya ce ita za ta yafe masa, sai ya dafa kanta kawai.

Da la'asar suna zaune a falo, shi da matarsa. Wayarsa na kan gwiwarsa, tun azahar yake duba ko cajinta ya ƙare. Ta matarsa ce ta yi ƙara. Ya ji muryar Auta ƙasa-ƙasa daga inda yake, ta isa lafiya, ɗakin ba laifi, akwai taga. Suka daɗe suna magana a kan labule da tukunya. Ya gyara zama, ya share maƙoshi, ya ɗan miƙo hannu.

Matarsa ta sauke wayar daga kunne, ta dubi allon, ta dube shi.

"Ta ce a gaishe ka."